Siracen Gwaggo da Takarkarin Ja'e

Ciwon nan ya dawo mini bana, a nan Ƙanƙara, inda ɗana ya ajiye ni tun da muka baro ƙauye. Wanda bai taɓa yin sa ba sai ya ce ai mura ce. Mura kuwa takan yi kwanakinta ta wuce. Shi wannan cikin ƙashin fuska yake shiga ya zauna, goshi ya yi nauyi, ƙasan idanu ya riƙa zugi, haƙoran sama su mutu kamar ka tauna ɗanyar tsamiya. Na fi jin sa a sujada. Da na kai goshi ƙasa sai in ji kamar an zuba mini yashi mai zafi a bayan hanci, ya gangaro ya taru wuri guda. Matar ɗana, yarinya mai hankali, ta gan ni dafe da kai, ta dafa ruwa ta juye a bokitin roba, ta lakato man zafi ta jefa ciki, ta kawo tawul. Ta ce, "Baba, ka lulluɓa ka shaƙa, an ce yana buɗe hanci." Na sa mata albarka na lulluɓa. Kafin in gama gyara zama ruwan ya fara hucewa, ba abin da ke tasowa sai warin roba. A ƙarƙashin tawul ɗin nan na tuna da Gwaggo, na tuna da Ja'e, hawaye suka zubo mini. Na bar yarinyar ta ɗauka man zafin ne.

Ƙauyenmu yana can bayan Ruwan Godiya, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, dajin da ya miƙe har wajen Sabuwa. In kaka ta yi, tun hantsi ba abin da za ka ji sai ƙarar sanduna a kan zangarniya, da luguden mata a turame, da kukan kurciya a kan marke. Mata na shiƙa a bakin masussuka, iska na kwasar ƙaiƙayi tana watsa shi ko'ina, ya shiga wuyan riga, ya shiga gashi, ya shiga hanci. Da yamma a ji shanu na gangarowa, makiyayi na kiran kowace da sunanta. A nan birni kuwa babura ne da janareto, sai waya. Ni wayar nan tsoronta nake ji. Duk lokacin da ta yi ƙara a aljihun ɗana ya fita waje ya amsa, na san wani gari aka shiga, ko wani aka tare a hanyar gona.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni da uwata ta rasu. Ta yi aure a Ƙetare, mijin ya mutu, ta dawo gida da 'yan kayanta da wata baƙar tukunyar ƙasa wadda ba a taɓa dafa abinci a ciki ba. Tukunyar sirace ke nan. In ƙaiƙayi ya kama mutum, hancinsa ya toshe, kansa ya yi nauyi, wurinta ake zuwa. Takan tsinko ganyen bedi, wato darbejiya, da na lemun tsami da ɗoɗɗoya, ta ƙwanƙwasa citta da kanumfari, ta ɓantari ɓawon itacen hano ta jefa, ta rufe da faifai su tafasa har ƙamshin ya kai zaure. Tun tukunyar na kan murhu ta riga ta tura wani dutse cikin garwashi. Sai ta zaunar da kai a kan tabarma, ta ajiye tukunyar a gabanka, ta rufa maka gwado mai nauyi. In ruwan ya fara sanyi ta ɗago gefen gwadon ta saka dutsen nan, ya yi cuuu, tururi ya sake turnuƙewa. Tana zaune a gefe tana kaɗi, tana magana da kai ta bayan gwado. "Ja a hankali, ɗan nan, ba tsere ake ba. In zafi ya yi yawa ka ɗaga, ba dafa ka ni ke ba." In ka fito jiƙe da gumi ta miƙo ruwan ɗumi da ɗan gishiri a ƙoƙo, ka shaƙa ka fyace kamar mai alwala, sannan ta ba ka kunun kanwa mai yaji da zuma, ta hana ka ruwan randa har sai gobe. Yawanci in an yi haka sau kaɗan sai ka ji wani abu ya saki a cikin fuskarka, ka fara jin ƙamshin miya kuma.

Ɓawon hanon nan Ja'e ke kawo mata. Ja'e Bafulatani ne, sa'ana. Duk shekara in an kwashe amfani, mahaifinsa kan sauka a gonarmu da shanunsa, su ci kara su bar mana taki. Tare muka tashi da shi, tare muka yi harbin tsuntsaye, shi ya koya mini tatsa, ni na koya masa riƙon garma bai iya ba har ya tsufa. Ya san duwatsun da hano ke fitowa can wajen Sabuwa. In zai zo sai ya ɓantaro ya ɗaure da igiyar rama, uwarsa ta haɗo shi da man shanu a ɗan ƙoƙo. Gwaggo kuma ta cika masa ƙwarya da daddawa da kuka. Ban taɓa jin an kira wannan ciniki ba.

Ina saurayi, ban daɗe da aure ba, tsohon ladanin garinmu ya gaza. Malam Liman ya duba cikin ɗalibansa ya ce ni zan riƙa kira. A lokacin babu lasifika. Wani tudun ƙasa ne a gefen masallaci, da matakala, sai ka hau ka toshe kunne ka saki murya. Allah ya ba ni murya, wannan ba yabon kai ba ne, mutanen gari ne suka faɗa. Masu noma a fadama da ita suke ajiye fartanya, matan ruga suka ce suna ji har can. Tun daga nan sunana ya ɓace, kowa sai Ladan, har Ja'e. Ban mallaki wani abu ba a duniya da na ji daɗinsa kamar hawa tudun nan.

Wata shekara gero ya yi albarka ƙwarai. Muka yi ta gayyar bugu gida gida, ni kuwa ƙarfi na ɗibata, ban ɗaure hanci da ƙyalle ba ko sau ɗaya, duk da Gwaggo ta yi ta faɗa. Ciwon ya zo kamar yadda ya saba, ta yi mini sirace ya lafa, na koma masussuka, ya dawo da ƙarfinsa. Wannan karon majinar ta yi kauri ta koma kore, ni kaina ina jin ɗoyinta. Muryata ta fara fita ta hanci. Na ci gaba da hawa tudu ina kokawa da ita. Ran nan da la'asar na yi kabbara ta fari lafiya, ina jan ta biyu sai muryar ta tsinke, wani sauti ya fito kamar na ɗan akuya, tari ya sarƙe ni, kaina ya sara har na durƙusa. Yaran da ke wasa a gindin durumi suka fashe da dariya, wani dattijo ya daka musu tsawa. Da ƙyar na ƙarasa, a hankali, yadda ko na bakin rijiya bai ji ba.

Bayan an sallame Malam Liman ya kira ni gefe.

"Ladan, tun yaushe ka ke fama?"

"Allah gafarta Malam, 'yar mura ce, gobe za ta sake ni."

"Na ga yadda ka ke sujada, kamar mai ɗora goshi a kan ƙaya. Je ka gida ka kwanta. Yaron wajen ƙanena zai riƙe maka."

"Malam, in aka saba da tashi muryar fa?"

Ya dube ni, ya ce, "Kai dai nemi lafiya."

Ban san abin da ya fi ci mini rai ba a kwanakin nan, zugin fuska ko jin muryar wani a kan tudun nan ina kwance a ɗaki. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Wani ya kawo garin taba ya ce in shaƙa in yi atishawa komai ya fito. Na yi atishawar har jini, ba abin da ya fito. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho a gefen goshi. Wata tsohuwa ta ce a ɗiga ruwan tafarnuwa, Gwaggo ta ce ba a hancin ɗanta ba. Ita dai siracenta take yi safe da yamma, tana shafa mini man shanu mai ɗumi a goshi da kumatu, amma na lura ta daina hira ta bayan gwado, kaɗin ma ta ajiye. Zazzaɓi ya shigo. Wata safiya na farka idona na hagu ya kumbura ya rufe, fatar ta yi ja tana sheƙi.

Gwaggo ta riga ta ɗora tukunya. Da ta shigo ta gan ni, ta durƙusa ta buɗe idon da yatsunta, ta ce in bi hannunta da kallo. Idon ya ƙi juyawa. Ta miƙe ta fita ta sauke tukunyar, ta kai bayan ɗaki ta kifar da ruwan duka. Yayana, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, yana tsaye a tsakar gida.

"Gwaggo, mi ya faru? Maganin ne kika zubar?"

"Wannan ya wuce tukunyata. A kai shi asibiti Funtuwa, yau."

"Asibiti? Waɗanda aka ce in ido ya kumbura ƙwaƙule shi su ke? A bari wanzami ya dawo ya yi mashi sakiya."

"Ba mai sa ma ɗan nan wuta a fuska ina raye." Ta juyo ta dube shi. "Na ga irin wannan a Ƙetare. Wata yarinya ce, maƙwabciyata. Muka yi ta yi mata sirace, muna cewa gobe zai sace. Da hannuna na yi mata wanka aka kai ta. In ciwon ya tsaya a hanci nawa ne. In ya hau ido, kai ya nufa."

Yaya ya haƙura. Sai maganar tafiya ta taso. Mota ba ta zuwa garinmu, bakin titi kuwa tafiyar yini ce ta cikin daji, ga rafi bai gama janyewa ba. Keke akwai, amma ko zama ba na iya yi ba tare da an riƙe ni ba. Ana cikin wannan sai ga sallamar Ja'e, shanunsu sun sauka a gonar ke nan. Ya leƙo ɗaki ya gan ni, ya ce, "Subhanallahi, Ladan, wa ya yi maka wannan?" Bai jira amsa ba ya juya. Can sai ga shi da takarkarinsu, wani farin sa mai faɗin baya wanda ke ɗaukar kayan ruga in za su tashi. Aka shimfiɗa buhu da gwado, aka ɗora ni, Yaya na riƙe da ni ta gefe, Ja'e na gaba da igiya.

Ba duk tafiyar nake tunawa ba, zazzaɓi na ɗauke ni yana dawo da ni. Ina tuna inuwar manyan itatuwa, da birai suna tsalle a kan dutse, da sanyin ruwan rafi da ya taɓa ƙafata sa'ad da san ya ratsa. Ina tuna Ja'e na yi wa san magana da Fulatanci a hankali, in na yi nishi ya waiwayo ya ce, "Ka yi ta salati, Ladan, mun kusa," alhali ba mu kusa ba. Da rana ta take muka faɗa wata ruga da ba su san mu ba. Matar gidan ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta dama fura ta ba su, ni ta jiƙa ƙyalle ta ɗora mini a goshi. Ba wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne. Da muka isa titi, Ja'e ya miƙa igiyar san ga wani mai sayar da rake ya ce ya riƙe masa har ya dawo, ko sunan mutumin bai tambaya ba. Muka hau babbar mota.

A asibiti suka yi ta yi mini allura, suka zuƙe ruɓar da ta taru. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri da ta kai ƙwaƙwalwa. Yaya ya koma saboda amfanin gona na waje, Ja'e ya zauna, yana kwana a baranda, shi da bai taɓa yin nesa da shanu ba. Da za a sallame ni likita ya ce in na koma in ci gaba da shaƙar tururi da wanke hanci da ruwan gishiri, amma ruwan ya zama dafaffe, in kuma guji masussuka. Na faɗa wa Gwaggo, ta ce, "To, Allah shi yi mashi albarka," ta tashi ta wanke tukunyarta. Idon ya buɗe, sai dai har yau hazo-hazo yake gani. Muryar ta dawo bayan wani lokaci, ta ƙara kauri. Malam Liman ya raba mana kira da yaron nan, ni asuba da magariba da lisha, shi na rana. Na ji zafin rabon da farko, daga baya muka zama aminai. A kan tudun nan gemuna ya yi fari.

Yanzu in yaro ya ji kansa ya yi nauyi sai ya tafi kemis a ƙirgo masa kafso, ya sha na yini ɗaya, ya ji sauƙi ya watsar. Ba mai zama kusa da shi ya duba ko idon na juyawa. Wannan ma masu gata ke nan, na cikin gari. Waɗanda suka rage a ƙauyuka irin namu, maganin gida da na asibiti duka biyun sun kuɓuce musu. Dajin da ake samo hano ba mai shigarsa sai wanda aka kora da bakin bindiga, hanyar asibiti kuwa sai an yi shahada. Ina yawan tunanin wanda idonsa zai kumbura a can yau, wa zai ɗora shi a kan me, ya bi da shi ta ina.

Ja'e aka fara taɓawa kafin mu, wannan mutane sun manta. Ɓarayin daji suka kore shanunsa, babban ɗansa ya bi sawu aka kawo gawarsa. Ƙaramin kuma ya ɓace, wasu suka ce ya shiga cikinsu, wasu suka ce kashe shi aka yi. Ja'e bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban tambaye shi ba. Sannan aka fara shigowa garinmu. Bayan an kashe mana mutane a gona, samari suka fusata suka je suka cinna wa rugar su Ja'e wuta. Da azahar sai ga Ja'e a ƙofar zaurena, tsoho tukuf, da matarsa a bayansa da ƙullin kaya a ka. Ya ce, "Ladan, ko akwai ruwa?" Na shigar da su ciki.

Kafin la'asar samarin suka zo. Duk na san su, wasu ni na yi musu huɗuba a kunne ranar da aka haife su. Na gabansu, wanda aka kashe wa uba, idonsa jajur, ya ce, "Baba Ladan, muna ganin girmanka. Fito muna da shi."

Na ce, "Baƙona ne."

"Ɗanshi na cikin waɗanda suka kashe babana."

"Ka gan shi da idonka?"

"Kowa ya sani."

"Ni abin da na sani, tsohon nan a gonarmu ya yi rarrafe. Ubanka, Allah ya jiƙanshi, nonon gidansu ya sha. In za ku shiga, sai dai ku fara da ni."

Na zauna a bakin ƙofa. Suka daɗe a tsaye suna gunaguni, yaron nan ya fashe da kuka, 'yan uwansa suka ja shi suka tafi. Ban ji na yi nasara ba. Shi ma maraya ne, kuma ba ni da abin da zan ba shi.

Washegari da hantsi na tarar Ja'e ya ɗaure kayansa. Na ce ina za shi, ya ce wajen Sabuwa, akwai dangin matarsa, in suna nan. Na ce ya zauna, ba mai taɓa shi.

"Jiya sun ji kunyarka. Gobe wasu za su zo da ba su san ka ba. Kana da jikoki a gidan nan, Ladan."

"To bari in raka ka ko zuwa rafi."

"Kada a gan mu tare. Koma ciki."

Ya riƙe hannuna da nasa duka biyun, ya ce in yafe masa, na ce ni ne mai neman yafiya. Suka bi ta bayan gari, shi a gaba da sanda, ita a baya. Na tsaya a jikin danga har dawa ta rufe su. Ba a rufa shekara ba mu ma muka kwashe, aka bar garin ba kowa.

Tun da na zo nan, duk ranar kasuwa nakan lallaɓa in je wajen 'yan dabbobi da masu hatsi, in nemi wanda ya fito daga wajen Faskari ko Sabuwa. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana jiran awo a wani gari. Wani ya ce ai tsohon nan ya rasu a hanya tun a shekarar. Wani da na ambaci sunan sai ya dube ni sama da ƙasa ya matsa. Ɗana ba ya son fitar nan tawa, musamman yanzu da ba ni da lafiya. Jiya ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, don Allah ka haƙura da yawon nan. Ka yi mashi addu'a kawai."

Na ce, "Ina yi. Amma ban san wadda zan yi mashi ba, ta mai rai ko ta mamaci."

Da zai tashi ya ce in kasuwa ta ci shi zai kai ni a kan babur.